Furen Gidan Kumandan

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa wa Rabi a Hawandawaki ba. Shekarar fari ce, zamanin soja, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Ni kuwa sabon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, ga albashi, ga wando mai faɗin ƙafa, kai kuma babu kowa ciki.

Silima ce ta kai ni ta baro. A Maraɗi na kalli wani fim na Turawa, na soyayya da ban dariya. Saurayi ya gama shirmensa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya miƙa wa budurwa fure, ita ko ta amince nan take. Na ce yauwa, ga abin da zan kada Ilu mai amalanke da shi, don shi ma Rabin yake nema. (Ilu ko sunansa bai iya rubutawa ba, da wannan kaɗai nake taƙama.)

To ina fure a shekarar da ganyen tafasa ma ya yi wuya? Gidan kumandan, babban jami'in gwamnati na yankinmu, kaɗai ake ba shuka ruwa a Tasawa. Na faki idon mai gadi na karyo reshe ta saman katanga. Da an kama ni an zane ni, da ya fi mini alheri.

Bayan la'asar na yi sallama a ƙofar gidansu. Rabi ta fito duk ta rame, ni ban ma lura ba. Na zube a kan gwiwa, na ɗaga fure.

Sai ta ƙwala ihu: "Inna! Yunwa ta kada Mushe!"

A lokacin duk wanda aka gani ƙasa, yunwa ce ta kai shi. Mata suka firfito. Innarta, wadda don kunya ba mu taɓa haɗa ido ba, ta fito a guje da ƙwaryar kunun dusa, ta tallabe mini ƙeya.

"Sha, ɗan nan. Sha, kada ka ji kunya."

Wallahi na sha. Da shinkafa da sardin na gwangwani a cikina, na shanye tas, don na kasa faɗin gaskiya. Furen kuwa akuyar maƙwabta ta yi gaba da shi.

Da aka watse, Rabi ta dubi guntun reshen, ta dube ni. Ta gane.

"Mushe, kunun nan shi ne rabon Inna na yau. Jiya ma mu ta bar wa nata."

Washegari na kinkimo gero na kai. Ashe duk ranar kasuwa Ilu yakan aje tiya biyu ta gero, wato kwanon awo biyu, a zaurensu ya wuce, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Rabi ta karɓi nawa, ta yi godiya irin wadda ake wa baƙo. Ilun ta aura, kuma ban ga laifinta ba.

Tun ranar, in na nufi gidan mutane, nakan fara duba ko hayaƙi na tashi a murhunsu. Durƙuso kuwa sai a salla.