Ranar da Layin Mai Ya Motsa Ina Barci

Jama'a, ku yi mini jaje. Jiya layin mai ya motsa, ni kuwa ina ta sharar barci.

Wata biyu ke nan barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai tunani ya taso: mai, wuta, da alkawuran Masu Girma da har yanzu suna kan hanya. Maman yara ta gaji da juye-juyena, ta tasa ni gaba sai asibiti. Likita ta duba ni, ta rubuta mini ƙwayar barci, sannan ta ja mini kunne: "Baba, guda ɗaya tak, kuma sai ka hau gado. Ka tabbata kana da awa takwas na barci a gabanka. Ban da tuƙi, ban da haɗa ta da wani magani ban sani ba, kuma kada ka ba kowa ko rabi."

Na ce to. Duk bayanin nan, "awa takwas" kaɗai na riƙe.

Jiya na yi sammakon gidan mai, don na yi wa surukata alkawarin kai ta asibitin ido yau da safe, bayan ta yi wata uku tana jiran a ba ta rana. Tankin motata kuwa ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa a ciki ba. Na ƙirga motoci arba'in a gabana, na yi lissafi irin na masu ilimi: layin nan bai taɓa yin ƙasa da awa tara ba, likita kuma takwas ta ce. Har da rarar awa guda! Na kwantar da kujera, ai ta zama gado, na afa ƙwaya na kora da ruwa.

Maƙwabcina tela, wanda motarsa ke bayan tawa, ya leƙo ta taga.

"Maƙwabci, me ka haɗiya haka?"

"Dabara," na ce. "Ku yi ta gadi, ni na tafi hutu."

Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Ranar ce Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido Kan Masu Sa Ido zai kawo ziyara. Allah ya ja zamaninsa, famfuna shida da suka shekara a mace duk suka farfaɗo, layi ya riƙa gudu kamar ruwa.

Daga baya tela ya ce ya yi ta jijjiga ni. Wai na buɗe ido ɗaya, na kama laluben makulli zan tayar da mota, ga wata mai sayar da lemo zaune daidai gabana. Ya fizge makullin ya sa a aljihu. Ban tuna ko ɗaya ba. Da ya dawo mini da makullin ya faɗa mini haka, dariya ta ƙare, tsoro ya kama ni.

Sai bayan la'asar na farka, motata ita kaɗai a fili. Mai Girma ya tafi, famfuna sun koma suma. Na kira likita na kai ƙarar ƙwayarta.

"Gado na ce, Baba," in ji ta, "ba sitiyari ba."

A labaran yamma sai ga ni a talabijin, baki buɗe, mai karanta labarai yana cewa saboda wadatar mai, talaka yanzu barci yake yi a layi hankali kwance. Surukata ta matso kusa da akwatin, ta ƙura ido.

"Idona dai ba ya gani sosai," ta ce, "amma bakin nan na san shi."

Yau da safe tela ne ya kai ta asibiti da tankinsa a cike. Tun da suka dawo take kiransa ɗan albarka, ni kuma "mai barcin nan".

Na tuba, daga yau sai a kan gado. Amma wanda ya san likitan Masu Girma ya tambayar mana: tawa ƙwayar awa takwas take yi ta sake ni, tasu fa, shekara nawa?