Rasuwar Takalmin Hagu a Bakin 'Yar Lele

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafa ɗaya a ƙasa, ni Ɗayyabu Mamman na Ƙofar Kware, mai sayar da hatsi a Tsohuwar Kasuwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Takalmin Hagu, ɗaya daga cikin tagwayen takalman fata da na gada daga mahaifina, Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa. Ya cika ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan la'asar, a kan tabarmar mahaifiyata Inna Hajjo, bayan doguwar jinya a bakin kyanwar gidanmu. Mun ji malamai na cewa ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum, ya yi Inna lillahi. To mun yi, kuma da dalilinmu.

An haifi marigayin a unguwar Madunka, a hannun wani baduku da ya riga mu gidan gaskiya, daga fatar jar akuya irin wadda ake alfahari da ita. Ya haura shekara arba'in a duniya. A tsawon wannan zamani bai taɓa yi wa yatsan kowa ciwo ba, bai taɓa kunyata mai shi a gaban surukai ba. Ya yi ziyarar Hubbare ba adadi, yana jira a bakin ƙofa cikin ladabi. An sha barinsa a ƙofar masallacin Juma'a tsakiyar takalman jama'a, bai taɓa bin ƙafar wani gida ba, halin da silifofina na roba har yau suka kasa koya.

Ba mai yawan magana ba ne, amma an san muryarsa. Idan ɗan uwansa na dama ya ce "tas", shi sai ya amsa da "ƙyas". Muna yara, da mun ji tas-ƙyas, tas-ƙyas daga zaure, mun san Baba ya dawo. Mai faɗa ya bar faɗa, mai satar ƙuli ya haɗiye, Inna ta sauke tukunya. Bayan rasuwar Baba ban yarda na wahalar da su da ƙurar kasuwa ba, ranar Juma'a da ranar Salla kawai nake saka su.

Dole a wannan sanarwa a ambaci wadda ta yi sanadi. Sunanta 'Yar Lele, farar kyanwa mai baƙin kunne ɗaya, wadda ta shigo ɗakin Inna tana 'yar mitsitsiya a shekarar da muka rasa Baba. Tun da yanar ido ta rufe ganin Inna, ita ce abokiyar hirarta, ita ce mai ɗumama mata ƙafa. Duk wanda ya ce kyanwar Lami ba ta cizo ba ta yakushi, to bai zo gidanmu ba. Ɓera dai ba ya cikin abincinta, domin ɓerayen da ke ɗakin ajiyar hatsina har bikin suna suke yi a gabanta tana hamma. Sana'arta tauna. Kafin marigayin, ta gama da wayar cajar matata Atika, da igiyar carbina, da hannun jakar makarantar 'yata Sumayya. Duk mun yi haƙuri, saboda na Inna ce.

Ciwon ajali ya fara da 'yan ƙananan huji a gefen maɗauri. Na garzaya da shi wurin Habibu baduku, wanda ya duba shi da kyau, ya ɗinke, ya ce mini in dai haƙoran da suka yi wannan aiki suna nan da rai, to zarensa asara ne. Na dawo gida na shiga neman magani. Wani ya ce in barbaɗa garin barkono. Na barbaɗa ranar Juma'a da safe, na manta ina da faso a dunduniya. Jama'ar da ke sahuna sun ga hawaye na zuba a fuskata tun daga farkon huɗuba har ƙarshenta, har wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ƙara mini imani. 'Yar Lele kuwa atishawa ɗaya ta yi.

Na koma ga garin maɗaci. Na rataye takalman a ƙusa. Na ɗora su saman durowa. Na tura su cikin buhun gero na ɗaure baki. Duk inda na ɓoye su, ranar Juma'a zan same su a wurin, suna sheƙi, sun yi laushi kamar sababbi, ga kuma sabon rauni a jikin na hagu. Sheƙin na ɗauke shi albarkar Baba ce, har na riƙa ba da labari a kasuwa. Maƙwabcin rumfata Bashar ya ce aikin aljanu ne, in nemi tofi. Babu ɗayanmu da ya tambayi yadda kyanwa ke kwance bakin buhu ta kuma mayar ta ɗaure.

Da maɗaurin ya rage saura ƙiris, sai haƙurina ya ƙare. Na tara iyali na yanke hukunci: ranar Alhamis zan sa 'Yar Lele a buhu, in kai ta can gaban Kware, in bar ta a ƙauyen da ke da rumbuna, ta je ta koyi aikin kakanninta. Sumayya ta yi kuka. Atika ta duƙar da kai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Inna ta jawo kyanwar kan cinyarta, ta juya mini baya. Raina bai so ba, amma takalman nan su ne kaɗai abin da ya rage mini na Baba da zan iya taɓawa da hannu.

Ranar Alhamis na rufe rumfa da wuri, lokacin da ba a saba ganina a gida ba, na shigo da buhu a hammata. A ƙofar ɗakin Inna na tsaya. Tana zaune a tabarma, Takalmin Dama a cinyarta, ɗan ƙoƙon man shanu a gefenta, tana lakata da yatsa tana murza masa a hankali tun daga hanci har dunduniya. Man shanun nan ni nake saya mata wurin Fulani, a kan cewa na ciwon gwiwa ne. Na hagu an riga an gama da shi, an ajiye a gefe ya sha iska, 'Yar Lele ta danne shi da hannu biyu, ido a lumshe. A gabana maɗaurin ya rabu da gangar jiki. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ɗas".

Inna ta ji motsin buhu. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wanga, mi kaka yi da buhu?"

Na tambaye ta ko ita ce ke shafa musu mai duk tsawon wannan lokaci.

"To wa za ya shahwa?" in ji ta. "Tun ina amarya nike shahwa ma takalman ubanka mai ran Alhamis. Shi ya tahi, su ba su tahi ba. Hwata in ta bushe karyewa takai. In sunka karye, mi zan ji ran Juma'a?"

Na waiga neman Atika, na tarar ta shige madafa da saurin da ban san tana da shi ba. Ashe ita ce aljanar Bashar. Ita ke sauko da su daga ƙusa, ita ke kwance buhu, ita ke goge maɗacina da tsumma ta kai wa surukarta, ta kuma mayar da su kafin in dawo. Daga baya ta ce mini in ina da bakin da zan ce wa Inna a'a, in ara mata.

Inna ta laluba ta janye na hagu daga hannun kyanwar. Ta bi maɗaurin da yatsa har inda ya yanke, ta daɗe tana riƙe da shi. Ashe duk zatonta lasa kawai 'Yar Lele ke yi, mu ne ke ƙara wa magana gishiri. Ta ce mata 'yar banza, a hankali, tana sosa mata kunne. Ni kuma ina tsaye da buhu kamar wanda ya zo awo gidan da ba a sayarwa. Don in sami abin cewa, na ce yanzu ai shi ke nan, takalmi ɗaya ba shi da amfani.

"Ƙahwa guda ta isa," ta ce. "Ubanka ma da ɗingishi yaƙ ƙare, kuma ina gane tahiyatai. Mussata 'Yar Lele kau, in za ka kai ta Kware, ka nemo buhun da za ya ɗauke mu mu biyu."

Na naɗe buhuna.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan uwansa Takalmin Dama, wanda ke cikin ƙoshin lafiya in ban da tabo kaɗan a dunduniya, kuma an shaida masa cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ya bar ƙafata ta hagu cikin maraici, da ɗan ƙoƙon man shanu da ya rage rabi, da ƙusa a bango wadda ba ta tsare komai ba. Ya bar Habibu baduku, wanda da ya ji labari ya ce dama ya faɗa.

Game da abin da ya bari, na tunatar da iyali cewa wanda ya yi kisa ba ya cin gadon wanda ya kashe. Inna ta ce wannan hukuncin mutane ne, ba a saukar da shi a kan kyanwa ba, kuma gara a bar mata abin da ta fara ta ƙarasa da ta koma kan na dama. Ban sami malamin da zai yarda ya shigo gidan ya yi gardama da ita ba. Saboda haka ba za a kai marigayin ko'ina ba. An shimfiɗe shi a ƙarƙashin gadon Inna, inda magajiyarsa ke ziyartarsa safe da yamma, ana kuma jin ziyarar daga tsakar gida.

Za a yi zaman makoki a gidanmu da ke Ƙofar Kware ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci. Kafin a fara karɓar gaisuwa, ni Ɗayyabu zan taka daga zaure zuwa ƙofar ɗakin Inna da Takalmin Dama shi kaɗai, ƙafar hagu ba komai, kuma haka za a riƙa yi kowace Juma'a muddin tana da kunnen ji. Ana roƙon jama'a su yi shiru a wannan lokaci, domin "tas" ɗin ba shi da mai amsa masa yanzu, sai an kasa kunne. Wanda dariya ta kama ya fita waje ya yi, wanda kuka ya kama ya ce barkono ne.

Ba a buƙatar gudummawar man shanu. Masu zuwa ta'aziyya su zo da silifan roba, ko su shigo da takalmansu a hannu. Wanda ya ƙi ji ya ajiye na fata a bakin ƙofa, to a can 'Yar Lele za ta zauna karɓar gaisuwa, kuma iyalan marigayin ba za su sake fitar da wata sanarwa ba.

Ɗayyabu Mamman, a madadin iyalai.