Wanda Zai Riƙe Eriya

Tsohon kafintan nan yana da wata ɗabi'a. Duk abin karatun da aka miƙa masa, jarida ko littafi, sai ya fara juyawa ya duba shafin ƙarshe, ya tabbata yana nan, sannan ya dawo farko. Wani littafin yara ne ya jawo masa haka, wanda ya tsinta a kabad ɗin makarantarsu tun yana sa gajeren wando. Labarin wata yarinya ce da aka wayi gari an naɗe kogin garinsu kamar tabarma an yi sama da shi, ta riƙa taka ɗigon ruwan sama tana hawa don ta karɓo shi. Daidai inda ta isa ƙofar tsohuwar da ke ajiye koguna, gara ta cinye sauran shafukan. Ya nemi wani har ya gaji. Haka ya ba 'ya'yansa labarin, haka ya ba jikoki, kullum a bakin ƙofar nan yake tsayawa.

Sai ga shi an yi fim ɗin littafin, za a nuna a talabijin ranar nan da la'asar, sau ɗaya tak. Eriyarsa kuwa iska ta karya ta. Ya aiki jikarsa, mai karatun aikin jinya, ta sayo sabuwa.

"Lafiya lau, sai jiran ki," in ji shi da ta shigo tana gaisuwa. "Na ɗauka wani ya ƙwace mini amarya a hanya."

"Wa zai ƙwace ni, Angona? Duk wanda ya ji mijina haƙori uku gare shi, sai ya yi mini jaje ya wuce."

"Huɗu ne. Ki koyi lissafi, Likitar Kaji. Ina saƙon?"

Ta zaro shi daga leda. Ya juya shi a hannu.

"Wannan eriya ce ko matajin kanki?"

"Mai shago ya ce har tashar aljanu tana kamawa."

"To, danginki za mu kalla ke nan."

Suka jona. Allon ya cika da yayyafi fari da baƙi, yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta kai ta wannan kusurwa, ta kai ta waccan, shiru. Sai da ta zura wayar eriyar ta taga, ta fita baranda ta ɗaga hannu sama, sannan hoto ya fito tar. Tana sauke hannu ya ɓace.

"Juyo mini da talabijin ɗin mana, Tsoho, daga nan ƙeyarsa kawai nake gani."

"Ni na kafe shi a bango. Abin da na kafe, sai dai a rushe gidan."

"Ka ji aikin kafintan dā. To ni fa?"

"Ke tsaya a haka. Tsawon nan naki yau ya samu amfani."

"Wallahi sai na kai ka ƙara. Sadakin ma har yau ba ka biya ba."

"Na biya da labari."

"Rabin labari! Kullum sai na buɗe ido, ka ce gara ta ci sauran. Ina ga kai ne garar."

Sai aka fara fim ɗin. Ya matso da kujerarsa, ya goge tabarau da bakin riga.

"Me ake yi?" ta tambaya ta taga.

"Ga ramin kogin, ba ruwa. Kifaye na kwance a kan yashi suna kallon sama. Ga yarinyar kuma. Ta fi ki kyau."

"Aure ta mana. Mu ga ko za ta riƙe maka eriya."

"Yi shiru. Ruwan ya tsaya."

"Wane ruwa?"

"Na sama. Ya tsaya cak a iska, bai faɗo ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ikon Allah. Kowane ɗigo akwai garin gaba ɗaya a cikinsa, kai a ƙasa. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ta ɗora ƙafa. Kin ji? Ƙara yake kamar ƙaramar ƙararrawa."

"Na ji," in ji ta, a hankali. Ta canja hannu, hoton ya girgiza.

"Kar ki kayar mini da 'yar mutane!"

"Hannuna ya mutu, Tsoho."

"Ba ke ce likita ba? Ki farfaɗo da shi."

Can aka sa talla. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya ɗauko guduma da ƙusa ya fita baranda.

"Sai yanzu ka tuna kai kafinta ne?"

"Matsa. In na kafe ta, jikokinki ma za su same ta a nan."

Ya saita ƙusar a katakon taga, ya buga sau ɗaya, ya ɗaga zai ƙara, sai kiɗan fim ya dawo. Ya ajiye gudumar ya koma ciki da saurin da jikar ba ta san yana da shi ba.

Yarinyar ta kai bakin ƙofa. Ƙofar ta gajimare ce, doguwa, ba a ganin ƙarshenta. Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa. Tsoho ya riƙe hannun kujera.

"Ta isa?"

"Ta isa."

"Sai me?"

Ƙofar ta fara buɗewa. Wani haske shuɗi ya zubo ya cika ɗakin.

"Angona, sai me? Kar ka ce mini gara!"

Ya dubi taga. Ba ya ganin fuskarta, sai hannunta a sama riƙe da eriyar. Wannan hannun ne ke jan gemunsa tana ƙarama, duk lokacin da ya tsaya a ƙofar nan.

Ya tashi ya fita.

"Kawo nan."

"Kaka, a'a. Kai ka fi ni daɗewa kana jira."

"Na ga ta buɗe. Shiga, kafin in sake shawara. Ni ban iya bayar da ƙarshen labari ba, ban taɓa yi ba."

Ta sakar masa eriyar, ta ruga ciki ta durƙusa gaban allon. Ya ɗaga hannu sama, ya leƙa ta taga.

"To, Likitar Kaji, muna jin ki."

"Koguna ne, Kaka. A jere, a naɗe, har sama. Suna numfashi. Tsohuwar ta ce ta nemo nasu da kanta."

"Ta yaya za ta gane shi?"

"Tana kasa kunne a jikin kowanne. Ta wuce wannan. Ta wuce wancan. Ta tsaya." Ta ƙara matsawa kusa da allon. "Muryar uwarta ta ji a ciki, tana wanki tana waƙa."

"Sai me?"

Daga inda yake tsaye, fuskarta kaɗai yake gani. Shuɗin nan ya zubo mata daga goshi zuwa haɓa, yana gangarowa yana walƙiya, ɗakin ya cika da rugugin ruwa. Bakinta a buɗe, hawaye na bin kumatu, ba ta ko share ba. Tsoho ya daɗe yana kallo.

"Ashe gadon gidan ne," ya ce, yana dariya ƙasa ƙasa. "Ke ma garar ta ci miki baki."

"Ɗaga hannu, Tsoho, hoton yana rawa!"

"Na ɗaga, ranki ya daɗe. Matajin naki ba shi da laifi, na yarda."

Ya ƙara miƙa hannu sama. A gefen kafaɗarsa ƙusar na nan a katakon taga, rabi ciki rabi waje, gudumar na kwance a ƙasanta.