Layar Zanar Barmo da Kyamarar Kasuwa

Duk wanda ya san garinmu ya san Barmo da cika baki. In ya zauna a majalisa, to ka haƙura da naka labarin. Shi ne wuƙa ba ta kama shi, shi ne ya taɓa marin kura. Babban abin taƙamarsa kuwa layar zana, wai da ya matse ta a hammata sai ya ɓace ɓat.

Ana haka 'yan sanda suka kafa kyamara a kan wani dogon ƙarfe a bakin kasuwa. Makon nan kuma za a zaɓi shugaban 'yan sintiri, kujerar da Barmo ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Mudi mai kilishi ya tsokane shi. "Barmo, ga maganin layarka ya zo."

"Wannan ƙwan fitilar? Ranar Juma'a zan ɗaura jan ƙyallena a jikin ƙarfen. In ta gan ni, na bar muku kujerar!"

Ashe gogan ya gama lissafinsa. Ya lura duk Juma'a da rana ake ɗauke wuta a garin. A ganinsa, ba wuta, ba kyamara.

Ranar Juma'a aka sauko daga masallaci, sai ga jan ƙyalle yana kaɗawa fil-fil. Gari ya ɗauka. Barmo ya ja zuga har ofishin 'yan sanda, yana tafe yana buɗa hannuwa.

"Saja Kallamu, kunna musu su ga iska!"

Saja ya danna. Tar! Ga kasuwa fayau, kowa ya rufe kayansa da zane ya tafi salla. Sai ga Barmo, har zufar goshinsa ana gani.

Barmo ya zabura. "Kai! Ai babu wuta lokacin!"

Saja ya ce, "Da hasken rana take aiki, Malam Barmo. Ba ka ga farantin da ke samanta ba?"

Wallahi na so ya tsaya nan, amma hoton bai tsaya ba. Ga Barmo ya ɗaura ƙyalle, ya yi wa kyamara gwalo, har da 'yar rawa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗaga zanen teburin Mudi ya yago kilishi kamar faifai.

Mudi ya dafe ƙirji. "La ilaha! Ni da na zargi ɓeraye!"

Liman ya gyara tabarau. "Barmo, ba kai ka ce min a sahun gaba ka yi salla ba?"

Kafin ya amsa, sai ga talotalon Iya Tabawa ya shigo hoton, wuya ja wur. Ya baza fuka-fuki ya nufo Barmo! Mai marin kura ya matse laya a hammata, ya runtse ido, ya ƙame. Talotalo bai san wannan zance ba. Caraf a gwiwa! Barmo ya watsar da kilishi ya zura a guje, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, yana ihun da muka gode Allah kyamara ba ta ɗaukar sauti.

Ofis ya kece da dariya, wani kurtu har yana riƙe bango. Barmo ya laluba hammata a hankali, ya matse layar nan iya ƙarfinsa.

Saja Kallamu ya share hawaye ya ce, "Ƙara matsawa, Malam Barmo. Har yanzu muna ganinka."