Zaɓen da Mutum Ɗaya Ya Cinye

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunyata kaina a ɗakin gwaji, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, ina ajin ƙarshe a sashen lantarki a nan Katsina. Malam ya ba mu aikin jarabawa bibbiyu: mu haɗa na'urar ƙuri'a mai maɓalli uku, kada ƙwan fitila ya kama sai aƙalla mutum biyu sun danna.

Aka haɗa ni da Binta, wata 'yar Ƙofar Durbi marar yawan magana. Ta zana K-map, jadawalin sifili da ɗaya da ake zagaye ɗaya-ɗayan cikinsa kawai, ban da sifili, don a rage kayan haɗi, ta fitar da ƙananan kayan haɗin da ake kira get guda huɗu: AND uku da OR ɗaya. Na dubi takardar na taɓe baki (lokacin ji nake duk ajin ba kamata).

"Wannan ai ɓarnar kaya ce," na ce. Na ja wani ƙaton zagaye, na mayar da su biyu.

"Mi ka yi nan? Ka haɗa da sifili fa," in ji Binta.

"Malama, ki bar wa masu abin abinsu."

Ta bar mini.

Ranar gwaji ajin ya cika. Malam ya danna maɓalli biyu, fitila ta kama, na waiga ina murmushi. Sai ya danna na farko shi kaɗai. Fitila ta kama tar! Ya sake dannawa, ta sake kamawa.

Maimakon in yi shiru, sai na hau faɗa. Waya ce ta kwance, batir ne, kayan makarantar nan duk na bogi ne! Har na bugi tebur. Malam ya bari na gama, ya ɗaga takardata sama, ya nuna wa kowa sifilin nan zaune daram cikin zagayena.

"Soja sun koma bariki," ya ce, "kai kuma ka dawo mana da su. Mutum ɗaya ya yanke, an gama."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai, an zabge mana maki mu biyu. Binta ba ta zage ni ba (da zagin ya fi sauƙi), tattara littattafanta kawai ta yi.

Tun daga ranar, in zan yi kuskure, a hankali nake yinsa, murya ƙasa-ƙasa.