Mai Dafa Tsakuwa

Har yau in na tuna kififiyar nan sai raina ya ɓaci. A bakin kogin Ringim na saye ta, shekarar da aka dawo da mu aiki Dutse, na sa aka haɗa mata akwatin gilashi mai tsakuwa a falona na Takur. Na ce wa matata Hajara, "Zuba ido ki ga tsafta."

Da ruwan ya ɗan gurɓace sai in zubar da shi kaf, in wanke akwatin da sabulu, in tafasa tsakuwar. Ba a jimawa ya sake yin fari kamar koko, falo ya ɗau zarni. Idon kififiya ya kumbura, ta daina cin abinci. Na tare ɗan garuwa na zazzage masa masifa, na ce ruwan kwata yake kawo mini. Bai ƙara leƙo layinmu ba, maƙwabta suka koma ɗaukar bokiti suna hararata.

Yayana Sani, malamin kimiyya, ya zo ya tarar da tukunya a wuta.

"Ƙwayoyin halittar da ke cinye kashinta a jikin tsakuwar nan suke zama," in ji shi. "Da sun fara yaɗuwa sai ka dafe su."

"Haba Yaya! Datti zan kiwata?"

Ya ɗauke ta. Ta warke a gidansa, kan tsakuwa mai gansakuka, butulu kawai.

Har gobe in Hajara ta ɗora girki sai ta leƙo: "Maigida, shinkafa, ko yau ma tsakuwa?"