Giradiyan Ya Ci Rumbun Lado

Shekaranjiya na hau kekena daga Rano zan je Kahu duba ƙanwata Tani, ban sauka ko'ina ba sai cikin taɓo, ni da keken da ɗan goron da na riƙo mata. A ƙofar gidansu fa, inda bara ake shanya barkono. Mijinta Lado ya fito ya ɗaga ni, ya ce, "Sannu Yaya. Kai ma giradiyan ya kama ka?"

Ga yadda aka yi. Da ranin da ya biyo bayan bikin samun mulkin kai, aka turo gireda ta gyara hanyar garinsu. Murna wajen Lado ba a magana, har fura ya sa Tani ta dama wa leburori. Aka haƙa lambatu mai kyau, sai dai maimakon ya nufi rafi, gidan Lado ya nufa. Ruwan farko ya kwana a zaure. Na biyu ya jiƙa gindin rumbu, rumbu ya durƙusa da dawar da za ta kai su kaka.

Lado ya yi ta sintiri yana kai kuka, har Allah ya sa Mai Girma Sarkin Awon Hanya ya taso da kansa. Bai sauko daga mota ba, kuma ban ga laifinsa ba, takalmin sabo ne. Ya sauke gilashi, ya dubi rumbu, ya dubi ruwa, ya ce, "Wannan ba laifin kowa ba ne. Giradiyan ne." Direba ya ja.

Gari ya ɗauka. Iya mai ƙosai ta ce aljanin ruwa ne, a yi sadaka. Gali mahauci ya rantse sunan wani Bature ne da ya gudu gida da kayan awo. Lado dai ba dariya yake ba, don a lokacin Tani tana ta tsince dawar da ba ta tsiro ba tana shanyawa a tabarmar sallarsa. Ya taka har Kibiya wajen Malam Shitu na firamare, ya ce, "Malam, wane ne Giradiyan? In mutum ne ina so in gan shi."

Malam Shitu ya ce, "Ba mutum ba ne, Lado, kalmar Turanci ce. Yadda ƙasa ta hau ko ta gangara, shi ke nan. Su ma Turawan aro suka yi daga Latin, harshen mutanen Rum na da, daga kalmarsu ta taki, irin na mai hawa matakala. Gireda ma daga nan ta fito, haka giredi da ake ƙara wa ma'aikaci."

Lado ya ce, "Wato gangare?"

"Gangare."

"To me ya hana shi cewa gangare?"

Malam ya ce, "Da ya ce gangare ai da ka tambaye shi wa ya gangaro da shi."

Lado ya dawo ya ɗauki galma, ya datse bakin lambatun, ya yanka wa ruwa hanya ta gefen titi zuwa rafi. Zaure ya fara bushewa, ƙofar gida ce kawai ta rage, inda na yi wanka. Ina zaune ina kankare laka daga wandona sai ga masinja da sammaci: ana neman Lado, ya fasa hanyar gwamnati. Tani ta tambaye shi ko Mai Girma zai zo zaman shari'ar. Masinja ya ce ina, ai an ƙara masa giredi an mai da shi birni, saboda aikin hanyar Kahu. Allah ya ƙara ɗaukaka, ranka ya daɗe.

Tani ta koma wajen dawarta. Lado ya ce, "Yaya, za ka raka ni?"

Zan raka shi mana, ni ne ma shaida. In alƙali ya tambaye ni wa ya fasa hanya, zan gyara hula in ce ba laifin kowa ba ne, giradiyan ne. Mu ga ko kalmar tana aiki a bakin wanda ya zo a keke.